Shingen Jar-saiwa

Dogo, manzon Bulama, ya tsaya a ƙofar zaurenmu ya faɗi saƙon sau biyu, wai ko ban ji na farko ba. Bulama ya ce a buɗe shingen dutse kafin la'asar, awakin gari su hau.

Na ce, "Ka koma ka ce ina gaishe shi. Shinge kuwa ba zan buɗe ba."

Ya leƙa bayana yana neman namijin da zai yi maganar da shi. Babu kowa. Mijina Ilu yana rijiya tun sanyin safiya, mahaifina kuma ya shekara da rasuwa. Dogo ya sosa ƙeya.

"'Yar Malam, ni fa ɗan aike ne. Ki ba ni maganar da zan iya kaiwa ba a mare ni ba."

Na ce masa wadda na ba shi ita ce kaɗai gare ni, in ta yi masa nauyi ya raba ta biyu ya yi sawu biyu. Ya tafi yana girgiza kai. Ni kuwa na kasa zama. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga, daga ƙarshe na ɗauki mayafina na nufi dutsen, ko da yake daga can na sauko ba da daɗewa ba.

Sunana Lauratu, 'yar Malam Abdulrauf marubuci. Ƙauyenmu, Garin Manu, yana arewa da Sule Tankarkar, kusa da inda Nasara suka kakkafa ƙarafan iyaka. Abin da nake ba da labari ya faru a shekara ta goma sha ɗaya da zuwansu, a bazarar da ta biyo bayan daminar nan da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Shekaruna ashirin da biyu a lokacin. Mahaifina bai haifi namiji ba, don haka ni ya zaunar a gabansa. Na sauke karatu ina da shekara goma sha ɗaya, na shiga littattafan ilmi, kuma kafin in yi aure hannuna ya fi na duk ɗalibansa kyau, har da wanda aka aura mini. Ba alfahari ba ne, su ma sun sani.

Ƙasarmu rairayi ce. Mutum zai yi tafiyar yini biyu bai ga tsakuwar da zai jefi kare ba. Amma a bayan garinmu akwai dutse guda, tsawonsa bai fi giginya uku ba. Fataken Kano in sun ji muna ce masa dutse dariya suke yi. A gefensa na arewa, inda rana ba ta cika duka ba, duwatsun sun tsattsage, kuma akwai danshi a tsagogin ko da rani. A nan jar-saiwa take fitowa. Tsawonta iya gwiwa, ganyenta mai kauri, launin toka. Bayan damina takan yi fure fari, sannan ta yi kwanso mai taurin gaske. Saiwarta kamar yatsa, in an karya ja ce wur. Mahaifina ya tambayi fatake da alhazai, daga Damagaram har Haɗeja, ko sun taɓa ganinta a wani wuri. Ban ce babu ita ba. Na ce dai ba mu sami wanda ya gan ta ba.

Da ita gidanmu yake yin jar tawadar wasali. Akan shanya saiwar, a daka, a dafa da ƙaro. Jan ba ya dusashewa, kuma gara ba ta kusantar takardar da aka rubuta da shi. Ƙa'idarmu tun kakan kakana ita ce saiwa ɗaya a shekara, daga tushen da ya fi tsufa, bayan ya zubar da iri. Haka aka yi ta yi, dutsen kuma yana cike. Sai dukawa suka gano tana rina fata. Cikin damina uku aka haƙe ɗaruruwa. Mahaifina ya taka har Gumel ya kai ƙara, ya dawo da takardar alƙali mai cewa dutsen hurumin gidanmu ne. Ya sare magarya da sarƙaƙiya ya kewaye shi, don mutane da kuma awaki, domin ya sha ganin awaki suna cinye kwanson. Ranar da ya rufe shingen ya ƙirga tushe sittin da ɗaya, ya rubuta a bayan tadarishi, wato bangon wani littafi. Kowace kaka yakan ƙara layi. Layin ƙarshe da ya rubuta da hannunsa ashirin da uku ne. Tsofaffin suna mutuwa, sababbi ba sa fitowa. Iri yana zuba a ƙasa, ya shekara, ya ruɓe. Mun shuka shi da hannu, mun jiƙa shi a ruwa, mun fasa shi da dutse, ko ɗaya bai tsira ba. Mahaifina ya ce ruwan sama ne ya ragu. Ya daina haƙar saiwa ma gaba ɗaya, muna ta lallaɓa ragowar garin da ke cikin tandu. Da ciwonsa ya yi tsanani, abin da ya ce mini ke nan: kada in bari a buɗe.

Da la'asar aka kira ni ƙofar gidan Bulama. Kawu Hussaini, ƙanen mahaifiyata, shi ya zo ya raka ni, da nufin ya yi magana a madadina. Tun a hanya yake roƙona in rufe bakina. Na durƙusa daga gefen zaure, na yi gaisuwa yadda ta kamata.

Ba zan yi wa Bulama ƙarya ba, maganarsa mai kyau ce. Ya ce rumbuna sun ƙare tun tsakiyar rani. Mata suna haƙar gidan tururuwa don neman hatsi, suna jiƙa hanza mai ɗaci kwana uku kafin ta ciwu. Shanu sun mutu ko sun yi kudu. Abin da ya rage wa gari shi ne awaki arba'in da 'yan kai, kuma da madararsu ake riƙe da yaran da aka yaye da tsofaffin da ba sa iya tauna. Shekara bakwai ba a kiwo a dutsen, ciyawa ta taru, gefen arewa kuma kore ne shar, ana hango shi daga kowane tsakar gida.

Kawu ya fara cewa ai yarinya ce, za a shawo kanta. Na katse shi. Na ce ciyawar gefen kudu da ta saman dutse ni da kaina zan yanka in jefo waje, kowa ya ɗiba. Amma gefen arewa ba za a taɓa ba, domin inuwar geza da sauran itatuwan wurin ce take riƙe da danshin, kuma akuya mai yunwa ba ta san bambancin geza da jar-saiwa ba. Na ce na auna wurin da idona, ba zai ci da awaki arba'in fiye da kwana bakwai ba. Bayan kwana bakwai babu ganye, babu jar-saiwa har abada, yunwar kuma tana nan inda take.

Bulama ya ce, "Kwana bakwai ai kwana bakwai ne, 'yar nan. Wa ya gaya miki ruwa ba zai sauka a na takwas ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gaya maka zai sauka?"

Na ji Kawu yana salati ƙasa-ƙasa. Sai na zaro takardar alƙali daga gafaka na karanta ta da ƙarfi, na fassara, na ninke. Duk zauren babu mai iya karɓa ya duba ko daidai na karanta. Bulama bai ce ya janye ba, bai kuma ce a karya shinge ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Akwai wani abu da ya taimake ni, kuma ya kamata in faɗe shi. Mutanen gari sun yi imani mahaifina ya binne layu a kusurwoyin shingen, wanda ya karya hannunsa zai shanye. Ni na san babu komai a wurin sai ƙaya, domin ina riƙe masa gatari ranar da aka kafa. Ban taɓa cewa akwai ba. Amma da aka tambaye ni, shiru na yi na kau da kai.

Kwana tara na yi ina yankan ciyawa. In hau da lauje da sassafe, in yanka, in ɗaure, in jefa ta bayan ƙaya, mata suna kokawa a kai. Babu wadda ta ce mini sannu. A rana ta goma gefen kudu ya zama ƙwal, kuma idanun gari duka suka koma arewa.

Daga nan zama ya gagare ni. In ina gida sai in ji kamar ana jan ƙaya, in tashi in tafi. In na isa na ga komai lafiya, sai in tuna mahaifiyata Iya ita kaɗai a gida, in juyo. Wata rana na ƙirga, sau shida na hau na sauka. Ruwan rijiya ya ja baya har an ƙara wa igiya gaba huɗu, kowane gida tulu biyu. Ruwan alwalata nake tarewa a kasko, in juye a gora, in kai wa tushen da na ga ganyensa ya fara naɗewa. In na zauna yin rubutu, layi biyu sai in ga na ajiye alƙalami ina saurare. Tafin ƙafata ya tsage, ƙaya ta cinye hannuwana har riƙon alƙalamin ma ya zama aiki. Abincinmu tafasa da dusa, wata rana hanza. Ina hawa jiri na ɗibata, in dafa dutse in jira ya wuce, in ci gaba.

'Yan mata goma sha huɗu nake koya wa karatu a tsakar gidanmu. Ɗaya bayan ɗaya iyayensu suka aiko a karɓi allunansu. A rijiya in na iso, hira takan mutu. Wata ta tambayi ta kusa da ita, da ƙarfi don in ji, ko wasali ana dama shi da nono ne ko da ruwa.

Ilu mutum ne mai sanyi. Ɗalibin mahaifina ne, a gidanmu ya girma, a nan kuma muka zauna bayan aure. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce shi kam ya daina iya shiga masallaci ya haɗa ido da mutane. Ya ce ayari zai tashi zuwa Gagarawa, daga can a yi kudu inda aka ce akwai hatsi, mu ɗauki Iya da littattafai mu bi. In ba ma nan, abin da ya sami dutsen ba laifina ba ne, Malam ma a kabarinsa ba zai kama ni ba. Na ce ai in na tafi ni na buɗe, sai dai na buɗe da ƙafa maimakon hannu. Ya ce umarni yake ba ni a matsayinsa na miji. Na ce na ji, kuma na san hukuncin abin da nake yi fiye da yadda ya sani, amma ba za ni ba. Washegari ya bi ayari da gafaka ɗaya.

Iya tana da akuya ja mai farin goshi, madararta take sha tun da haƙoranta suka zube. Akuyar ta kai ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Wata safiya Iya ta riƙe bakin zanena, ta ce ba ta ce in buɗe wa kowa ba, ganye dai cikin mayafi, tafi biyu, babu mai gani. Na ce Iya, duk garin nan ido ne. Ranar da aka ga korayen ganye a bakin akuyarmu, ranar layun da babu su za su daina aiki. Ta saki zanen. Bayan kwana huɗu Kawu ya zo ya yanka akuyar kafin ta mutu mushe. Iya ba ta ci naman ba. Da aka kwana biyu ta ɗaure kayanta a ƙwarya ta koma gidan Kawu, ta ce can ya fi iska.

Gidan da ya fi kusa da dutsen na A'i ne, wata tsohuwa mai baki, sa'ar Iya. Ɗanta da matarsa sun yi kudu sun bar mata jikarta Asama'u, yarinya 'yar shekara biyu, da akuya baƙa guda. A'i ba ta tsoron layu. Takan ce hannunta ai ya riga ya shanye da kansa. Wata azahar na sauka ɗebo ruwa, da na dawo na tarar an ja reshen magarya gefe, baƙar akuya tana tsakiyar gefen arewa. Ta cinye ganyen tushe uku ƙarƙaf, ta kuma tsince busassun kwanson da ke rataye da na ƙasa. Na kama ƙafarta na ja ta a kan duwatsu, na doke ta da goran da ke hannuna har ya fashe, ruwan ya zube. A'i tana tsaye a bakin shinge ta riƙe ƙugu.

"Doke ta da kyau, Malama. Ita ma ba ta iya karatu ba."

Na ce mata in ta sake zan kai ta Gumel. Ta ce in kai ta, ta ji an ce a gidan kaso ana ba da kunu. Daga ranar na daina zuwa rijiya da rana, na ninka ƙayar wurin, na koma yini a kan dutse.

Ruwa bai sauka a kwana na takwas ba. Sai da aka yi kwana hamsin da ɗaya daga ranar da Dogo ya zo. Kafin nan awakin gari sun koma shida. Baƙar akuyar A'i ta ƙafe, aka yanka ta. Asama'u ta rasu saura kwana biyar a yi ruwan fari. An binne yara goma sha ɗaya a bazarar nan, da tsofaffi da ban ƙirga ba. Na je gaisuwa kowane gida. A wasu an amsa, a wasu an bar ni a durƙushe har na gaji na tashi.

Da ƙasa ta jiƙa na hau na ƙirga. Tushe goma sha huɗu suka rayu. Na bi tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwoyina, kullum, ina neman sabon tsiro. Babu, kamar kowace shekara. A cikin kwanakin ne wani falke ya kawo mini takarda daga Ilu. Hannunsa ne, na san shi, ni na gyara masa riƙon alƙalami. Saki ɗaya, da addu'a mai kyau a ƙarshe.

Wata uku da fara ruwa, ina saukowa, A'i ta kira ni ta kan danga. Tun rasuwar jikarta ba ta yi mini magana ba. Ta ce in shigo in ga wani abu. Ta kai ni bayan ɗakinta inda turken akuyar yake, har yanzu da guntun igiya a jiki. A kewayen turken, cikin tsohon kashin akuya, ga su nan. Ganye biyu-biyu, masu kauri, launin toka. Na durƙusa na ƙirga. Goma sha tara.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Abin ya zo mini gaba ɗaya. Kwanson nan mai tauri ba ya buɗewa sai ya bi ta cikin akuya. Tun zamanin kakanni awakin gari suke hawa bayan kaka, su ci, su zubar a tsagogi, su ne suke shuka ta. Dukawa sun haƙe ta, gaskiya ne, amma abin da ya hana ta dawowa shingen mahaifina ne. Shekara shida yana ƙirga mutuwarta yana rubutawa, yana zargin ruwan sama, ni kuma ina miƙa masa ƙaya.

A'i ta gane kafin in yi magana, domin ta fi ni sanin awaki. Ta ce ta daɗe da ganin tsiron, ta bar shi ne ya yi girman da ba zan iya musu ba.

Na ce, "Inna, a rairayi ba za su yi ba. In rani ya shigo za su mutu. Ki bar ni in cire su da ƙasarsu in kai tsagogi."

Ta ce ta yarda, da sharaɗi ɗaya. Ranar Juma'a in an sauko, in je ƙofar Bulama inda na karanta takarda, in faɗa a gaban mutane cewa na yi kuskure da na hana.

Na ce zan faɗa a gaban kowa cewa shingen kuskure ne tun farko, cewa mahaifina ya yi kuskure kuma na bi shi a kai. Wannan gaskiya ce, ba ta yi mini nauyi ba. Amma rufe shi a bazarar nan ba kuskure ba ne. Da na buɗe, da awaki arba'in sun cinye har saiwa, da babu tushen da zai sake yin iri, ruwa kuma da sauran kwana arba'in da huɗu.

"Ba lissafi na tambaye ki ba," in ji ta. "Kwana biyar ya rage mata. Ke kika ce wurin zai yi kwana bakwai."

Na ce ba haka ake haɗa kwanakin ba, domin da an buɗe tun farko za a cinye, ba a ƙarshe ba. Ina faɗa na san ba abin da ake gaya wa wadda ta binne jika ba ne. Amma abin da take so in faɗa ban yarda da shi ba, kuma ban taɓa tsayawa gaban mutane na karanta abin da ba ya rubuce ba.

Ta ce, "To ki faɗa ko ba ki yarda ba. Mutane nawa suke yi."

Na ce, "Ba zan iya ba, Inna."

Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko fartanya. Na ce mata ta ji tsoron Allah, na tare gabanta, ta ce gidanta ne, ko ina da takardar alƙali a kan turken akuyarta? Ba ni da ita. Na matsa. Sara biyar ta yi, ta juya ƙasar, ta tattake. Sannan ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zane, na fita.

Daren ranar da kwanakin da suka biyo baya ban yi wani abin kirki ba sai kai da kawowa. Yanzu na san maganin, amma maganin akuya ce, ni kuma ba ni da ita. Shidan da suka rage a gari na bi gidajen masu su ɗaya ɗaya, na ce a ara mini bayan kaka, kwana uku kawai, su hau dutse su ci. Wani ya ce ai hannun akuyarsa zai shanye. Wata ta ce in jira bazara, lokacin da suke bukata, in zo ta ba ni amsa. Bulama ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ba ya umartar kowa a kan dutsen nan, an nuna masa ba nasa ba ne.

Na zauna na kwafe wani littafin fiƙihu, wata biyu, da hannuwan da ba su gama warkewa ba. Na yi masa wasali da ragowar jan da ke tandu, har na kankare gindin. Kawu ya raka ni Maigatari ranar kasuwa, ba don ya huce ba, sai don kada a ce 'yar yayarsa ta yi tafiyar yini ita kaɗai. Ko a can dabbobi sun yi wuya a shekarar. Wani malami daga hayin iyaka ya duba littafin shafi shafi, ya tambayi Kawu wane ne marubucin. Kawu ya nuna ni da haɓa. Malamin ya ba ni akuya mai ciki, fara da ɗigon baƙi.

Da kwanso ya bushe na buɗe shingen da hannuna na shigar da ita. Na ɗaure ta kusa da tushen da na zaɓa, na tsaya a kanta don kada ta wuce kwanso ta kama ganye. Na riƙa tsince kashinta ina cusawa a tsagogi da tsinke. Mutane suna wucewa ta ƙasa suna kallon 'yar Malam Abdulrauf tana bin gindin akuya da ƙoƙo. Da damina ta zagayo, biyar suka fito. Biyu suka kai rani. Na rubuta a ƙarƙashin layin mahaifina.

Yau shekara tara ke nan. Awakina sun kai bakwai, kuma nakan buɗe musu kwana goma bayan kaka, in rufe sauran shekara. Tushe talatin da ɗaya ne a dutsen. Har yanzu ban haƙi saiwa ko ɗaya ba, da baƙar tawada nake yin wasali kamar kowa, kuma masu kawo mini aiki daga nesa sun ragu. Talatin da ɗaya ba yawa ba ne. Fari ɗaya mai tsanani, ko ciwo ya kwantar da ni wata biyu, shi ke nan. Har yanzu sau biyu nake hawa a yini, wata rana uku.

Na je ƙofar Bulama na faɗi kuskuren shingen kamar yadda na ce zan yi. Ɗayan ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Iya ta rasu a gidan Kawu shekara biyu bayan yunwar, tana amsa gaisuwata amma ba ta sake kwana a ɗakinta ba. Ilu yana da 'ya'ya uku a wani gari kudu da Gagarawa. Ba wanda ya sake neman aurena, kuma 'yan mata biyu ne kawai suka dawo da allunansu. Tsiro goma sha tara sun tafi a ƙarƙashin fartanya saboda kalma ɗaya da na ƙi furtawa. A'i tana nan da rai, danga ɗaya ce tsakanin gidanta da hanyata, kullum ina gaishe ta, ba ta amsawa. Ban sani ba ko ganyen gefen arewa zai riƙe Asama'u har ruwa ya sauka. Ina ganin ba zai riƙe ta ba. Amma ni na hana a gwada, kuma da wannan nake zaune.